Yana Hanya

Litinin, 14 ga Oktoba, ƙarfe huɗu na yamma

Dakta Salwa Kinnaird ta zo taron kwamiti yau da kwamfuta a jaka da murmushi a fuska. Ban taɓa ganin waɗannan biyun sun haɗu sun kawo alheri ba. Likitar haƙori ce, ta saba mutum ya buɗe baki amma ita kaɗai ke magana.

Ta ce Ƙungiyar Ƙaya ta Iskandariya, a nan Masar, tana mutuwa. Ni za a ba wannan labari? Shekara talatin da ɗaya ina sakatarenta. Kakanninmu 'yan Scotland ne suka kafa ta lokacin da suka zo aikin auduga da tashar jiragen ruwa. Yau mu goma sha ɗaya muka rage a garin nan, kuma in aka haɗa haƙoranmu ba za su cika bakin mutum huɗu ba. Salwa ce ta ƙirga, ba ni ba.

Abu biyu take so. Na farko sabon shafi a intanet, domin tsohon har yau yana cewa Mista Ogilvie ne shugabanmu, mutumin da muka binne shekara goma sha tara da suka wuce. Na biyu a gyara doka ta huɗu, wadda ta ce ta wajen uba kaɗai ake gadon ƙungiya. 'Ya'yanta uku ba su da hurumin shiga, don ubansu Tawfik ne sunansa.

Shugabanmu Hector Macrae, shekara tamanin da huɗu, kunne ɗaya ya daɗe da yin ritaya, ya buga tebur ya ce, "A gyara! Me aka ce za a gyara?"

Sai na buɗe littafi a natse na karanta musu doka ta tara: ba a taɓa kowace doka sai rabin 'yan ƙungiya suna zaune a zaure ranar bikin Waliyi Andrew, talatin ga Nuwamba.

Salwa ta ce, "To ai mu sha ɗaya ne, Kawu Murdo, kuma duk za mu zo."

Na ce, "Mu ɗari da tamanin da bakwai ne, 'yata."

Na karanta mata doka ta goma sha biyu. Ba a soke sunan kowa daga rajista sai shi da kansa ya rubuto ya ce ya fita, ko kuma wani ɗan ƙungiya ya miƙe tsaye ya ce ya ga kabarinsa da idonsa. Waɗanda suka watse a shekarar hamsin da shida, lokacin da aka kori Turawa daga ƙasar, da waɗanda suka bi bayansu, ba wanda ya ga kabarinsu. Akwai wani Kyaftin Dalgleish a shafi na shida, bana shekararsa ɗari da arba'in da biyu, kuma a dokance yana da ƙuri'a. Duk shekara a wajen biki ina kiran sunayen ɗaya bayan ɗaya, wanda ba ya nan wani ya amsa masa, "Yana hanya."

Na daɗe ban ji daɗi irin na wannan minti ba.

Bai wuce minti ɗin ba kuwa. Ta ce, "To sai mu nemo kaburburan, lissafi ya sauko ashirin da biyu. Ara mini littafin in sa sunayen a sabon shafi, duniya ta taya mu nema."

Na ce, "Duka?"

Ta ce, "Duka."

Shafi na casa'in da ɗaya yana cikin duka. Struan Geddes, ƙanena. Ni nake amsa masa duk shekara. Sunan da aka soke ba a ƙara kiransa a biki, kuma ban san wani wuri a duniya da ake kiran wannan sunan ba sai nan.

Alhamis, 17 ga Oktoba, sha ɗaya na safe

Na kai mata littafin asibitinta. Ta ɗauki hoton shafukan tsakanin mai ciwon dasashi da mai neman a cire masa turmi.

Da ta zo wurin ta ce, "Wannan Geddes ɗin naka ne?"

"Ƙanena ne."

"Yana ina yanzu?"

"Yana hanya."

Ta yi dariya ta juya shafi.

Lahadi, 20 ga Oktoba, biyar na yamma

An kawo sabon tambari. Furen ƙayar nan tamu ce, alamar Scotland, aka zana da kwamfuta kala uku, mu zaɓa. Hector ya ce na farko albasa ce. Madam Effie Lorimer, wadda ta girme ni da shekara biyar kuma ba ta bari in manta, ta ce na biyu buroshin wanke bayi ne. Na uku ba wanda ya gane ko mene ne, shi aka zaɓa.

A saman shafin Salwa ta rubuta da manyan baƙaƙe cewa muna neman matattunmu, duk wanda ya san inda ɗaya yake kwance ya yi magana. Na gyara mata kurakurai huɗu a layi biyu. Abin da shekara uku a Edinburgh suka bar mini ke nan: ina ganin kuskuren mutane. Ba a cin abinci da shi, amma yana ɗebe kewa.

An yi gardama a kan hoto. Ni na ce hoto ba ido ba ne. Hector ya yanke hukunci yana tauna biskit: hoto bai halatta ba, amma in mutum ya tsaya a bakin kabari ya kira mu ta bidiyo muna kallo a lokacin, ido ya gani.

"Ko ba haka ba, Farfesa?"

Shekara hamsin yana kirana Farfesa. Ya san ban dawo da takarda ba.

Salwa kuma tana so duk sunan da aka soke a ɗauki muryata ina kiransa, a sa a shafin, wanda ya taɓa sunan ya ji. Wai muryata kamar ta mai karanta labarai a rediyon da. Na ce ba ni da lokaci. Effie ta ce, "Me kake yi da shi, Murdo? Tara shi kake?"

Talata, 22 ga Oktoba, tara na safe

Shafi ya fita. Ban duba ba.

Juma'a, 25 ga Oktoba, goma na safe

Kyaftin Dalgleish ya rasu yau da ƙarfe takwas da kwata, bayan doguwar jinya.

Wata mata ce ta kira daga New Zealand, tattaɓa-kunnensa, mai kiwon tumaki, fuska ja kamar tumatir. Can wajensu yamma ta yi. Mu bakwai muka yi cincirindo a gaban kwamfutar. Ta bi ta cikin ciyawa tana haki, wata tunkiya tana bin ta, har ta kai ga wani dutse da ya karkace.

Hector ya yi zumbur ya miƙe. "Na gani!"

Effie ta ce, "Tunkiyar ka gani, kurman banza. Sa tabaranka."

Ya sa, ya sake miƙewa, ya sake gani. Na ja layi a kan sunan da jan alƙalami da rula. Effie ta rangaɗa guɗa kamar ana kai amarya, matar can ta tsorata, tunkiyar ta gudu. Sai ga matar tana hawaye tana dariya, wai ba ta taɓa sanin akwai inda ake jiran kakanta cin abinci ba.

Na ajiye rula. Layin ya miƙe sosai, wannan kam zan yaba wa kaina.

Saura ɗari da tamanin da shida.

Talata, 29 ga Oktoba, huɗu na yamma

Abin ya zama annoba. Wani gidan rediyo a Kanada ya ba da labarinmu, wai tsofaffin Masar da ke farautar kaburbura. Yanzu kira har layi yake yi. Wani malamin coci a Glasgow ya zagaya da mu maƙabarta guda, muka soke goma sha tara kafin shayi ya huce.

Zauren da gizo-gizo ya gaji da shi yanzu kullum a buɗe. Effie na kawo basbusa, kek ɗin nan mai ruwan sukari. Tagwayen gidan Baird, waɗanda shekara shida ba sa ga-maciji saboda wata tukunyar fure, suna zaune kujera ɗaya suna rigimar wa zai miƙe. Ban taɓa ganin mutane suna murnar mutuwa haka ba, kuma na je jana'izar masu kuɗi.

Na fara ɗaukar muryar. Don kawai a ƙyale ni.

Ɗari da talatin da takwas.

Juma'a, 1 ga Nuwamba, sha biyu na rana

Wani ya turo hoto a shafin. Shekarar sittin da bakwai, ƙofar zauren nan, samari biyu, ni da Struan, da gajeren wando da gashi ya sha mai. A ƙasa an rubuta: waɗanda suka zauna jarrabawar neman gurbin karatu a Edinburgh. Gurbi ɗaya ne ƙungiya ke bayarwa.

Salwa ta ce, "Kai, Kawu, ashe an yi kyau! Kai ka ci ke nan?"

Na ce, "Ni aka tura."

Ba ta ji bambancin ba. Effie ta ji. Ta tura mini farantin basbusa ba ta dube ni ba.

Babanmu yana cikin kwamiti a lokacin. Ya ce babba ne ke fara tafiya, ƙarami ya jira zagaye na gaba. Ba a yi zagaye na gaba ba.

Lahadi, 3 ga Nuwamba, tara na safe

Ban je ba. Gwiwa.

Laraba, 6 ga Nuwamba, sha ɗaya na safe

An samu matsala: wasu suna da rai.

Yawancinsu masu kirki ne, sun rubuto takardar fita, har da fatan alheri. Amma akwai Misis Isobel Rennie a Perth ta Ostireliya, shekara casa'in da bakwai. Jikarta ta kira, muka taru da rula da alƙalami, sai ga tsohuwa zaune a kujera da kyanwa a cinya.

Hector ya miƙe. "Na gani!"

Ta ce, "Wane ne wannan mai ihun? Ɗan Macrae ne? Kai ne ka yi fitsari a wando a bikin arba'in da shida."

Wannan kam ya ji shi tsaf.

Salwa ta lallaɓa ta, ko ta zo biki ko ta rubuto ta fita. Ta ce likita ya hana ta jirgi, fita kuwa ba ta yi. "Shekara sittin da takwas ana cewa ina hanya. Ku ci gaba da faɗa. Wa ya sani?"

Na so matar nan. Da na san ta da wuri.

Casa'in.

Litinin, 11 ga Nuwamba, biyar na yamma

Waɗanda yaƙi ya ci ba su da kabari, sai suna a jikin dutse. Hector ya ce dutse mai suna kabari ne, wanda bai yarda ba ya zo ya zama shugaba. Muka ɗauki ƙaramar bas zuwa maƙabartar sojoji ta Alamain, mu tara, da ƙwai dafaffe da burodi da dafaffen waken ful a kula. Mun samo goma sha ɗaya. Ba wanda ya yi guɗa a can. Yara ne dukansu.

A hanyar dawowa aka ware. Tagwaye suka yi waƙa, direba ya roƙe su su bari. Sai Hector ya ce bikin bana sai da algaita mai salka irin ta kakanninmu, ba faifan nan da ke tsalle ba.

"Tun da Struan ya tafi ba a ƙara busa ta gaskiya a garin nan ba. Ka tuna, Farfesa? In ya hau rufin zaure yana busa, har masunta..."

Effie ta cusa masa ƙwai a baki. Guda.

Algaitar tana saman kabad ɗina cikin bargo. Da ita ya tafi a saba'in da huɗu. Ba zan rubuta yadda ta dawo ba.

Sittin da ɗaya.

Juma'a, 15 ga Nuwamba, takwas na safe

Na iya buɗe shafin da kaina yanzu. Ban gaya wa kowa ba. Kowace safiya kafin shayi nakan gangara zuwa harafin sunan Struan in duba ko wani ya rubuta wani abu a ƙarƙashi.

Ba kowa. Na gode Allah.

Kwana ashirin da huɗu sunan yana rataye a gaban duniya. Mai dafa abincin jirgi da ya mutu a talatin da biyu ya samu jikoki shida suna rigima a kansa. Shi ko mutum ɗaya. Mutumin da ya yi shekara ashirin da biyar a jiragen ruwa, ko wanda suka taɓa shan shayi tare babu?

Ban san wanne nake so ba.

Talata, 19 ga Nuwamba, ɗaya na rana

Wani bawan Allah a Winnipeg ya yi minti ashirin yana kwashe ƙanƙara da shebur muna kallo, ya tono dutse, ashe na maƙwabcin ne. Ya zagi kakansa, ya koma gefe ya sake farawa. Mun tafa masa.

Na raka Effie wajen Amm Girgis mahauci odar tumbin rago na biki. Shekara arba'in yana yi mana, shekara arba'in yana tambaya ɗaya: "Madam, tsakani da Allah, ci kuke yi ko binnewa?" Ta ce ya cika huhu da hanta ya rage surutu, kuma bana biyu za a yi, don baƙi na zuwa.

Baƙin su ne 'ya'yan Salwa da jikokin tagwaye da wasu da ban sani ba, mutum ashirin da wani abu, duk ta wajen uwa. Za su jira a tsakar gida har a yi ƙuri'a. Effie har ta fara ɗinka musu ɗamara mai layi-layi. Na ce mata ba a kai ashirin da biyu ba tukuna. Ta ce, "Kai dai ja layinka."

Talatin da ɗaya.

Juma'a, 22 ga Nuwamba, huɗu na yamma

Ashirin da biyar.

Bayan an watse na tsaya ɗaukar murya. Da muka gama Salwa ba ta rufe kwamfutar ba. Na ce mata, don in ji ta bakinta, wahalar nan duk ta mece ce? Don 'ya'yanta su ci tumbin rago sau ɗaya a shekara?

Ta ce, "Kawu, ni ce ƙarama a cikinku, shekarata hamsin da shida. Ni zan ga kabarinku duka, in miƙe in faɗa, in ja layi. To ni fa? Wa zai miƙe mini? Haka za a bar ni ina hanya, kuma ba ma mai faɗa."

Na ce ta yi kuskure a sunan Urquhart, ta bar harafi ɗaya.

Ta gyara.

Litinin, 25 ga Nuwamba, uku na rana

Ashirin da uku, kuma ya tsaya cak. Mu sha ɗaya, Misis Rennie da wasu masu taurin kai uku, bakwai da ƙasa ta haɗiye ba labari, sai shafi na casa'in da ɗaya. Guda ɗaya ya rage a soke. Tagwaye sun ba da shawarar a riƙa kiran Perth kowace safiya a gaishe ta.

Salwa ta ce ta rubuta wa ƙungiyoyin tsofaffin ma'aikatan jirgi a kan Struan. Ta tambaye ni daga wace tasha wasiƙarsa ta ƙarshe ta zo. Na ce ban tuna ba.

Hector ya ce, "Farfesa ai bai san tashoshi ba. Sau ɗaya ya ƙara fita daga ƙasar nan, casa'in da tara, da ya je Kubrus gyaran haƙori."

Salwa ta ɗago. Shekara goma sha biyu bakina yana hannunta. Ranar farko da na zauna a kujerarta ta ce wannan baki ne da likita bai taɓa shiga ba.

Ta dube ni. Na dubi rula.

Ta ce, "To. Bari mu sake gwada mutanen bakwai ɗin nan."

Laraba, 27 ga Nuwamba, tara na safe

Ashirin da uku.

Alhamis, 28 ga Nuwamba, biyar na yamma

Hector ya hau benena, hawa uku, da sanda. Rabonsa da gidan nan tun rasuwar matata. Ya zauna yana numfashi kamar tsohon jirgin ƙasa, ya sha ruwa, ya ɗaga kai ya dubi saman kabad, ya sauke.

Ya ce, "In bai yiwu bana ba, baɗi na nan. Ƙila kafin nan 'yar Perth ta yi mana kara. Ba wanda ke kora mu, ka ji ko, Murdo?"

Murdo. Ba Farfesa ba.

Na ce masa da ƙarfi shayi ko gahawa. Ya ce ai kuwa, ruwan sama na hanya.

Asabar, 30 ga Nuwamba, shida na yamma

Da rana muke biki yanzu, tun da ba mai iya tuƙi bayan magariba.

Na sa siket ɗin babanmu, irin na mazan Scotland, asu ya ci gefe ɗaya, na juya wajen baya. Mu sha ɗaya a tebur. Ta taga ana hango baƙi a tsakar gida da ɗamarunsu, suna tsaye a rana suna hira. Salwa ta gaya musu tun safe lissafi bai cika ba, suka ce za su jira ko don tumbi. An jingina kwamfuta da kwalbar ruwa, Misis Rennie tana ciki da kyanwarta, da wasu fuskoki kusan sittin daga ko'ina, har da mai tumaki da mai shebur.

A zaune nake kiran suna, saboda gwiwa. Da yakan ɗauki minti arba'in, tumbi ya huce, Hector ya yi barci. Yau ashirin da uku ne kacal.

"Isobel Rennie."

Ta amsa wa kanta daga cikin kwamfuta, "Tana hanya!" Aka fashe da dariya.

Na juya shafi. Na juya wani. Na zo wurin.

"Struan Geddes."

Ba wanda ya amsa. Ba wanda ya taɓa amsa wannan sai ni. Salwa tana kallon tebur. Bakina ya riga ya buɗe, kalmomin biyu suna kan harshe, sun san hanyarsu.

Gwiwar ta yi ƙara da na miƙe, kowa ya ji.

Na ce, "Na ga kabarinsa. A Limassol, can Kubrus, bayan ƙaramin cocin ma'aikatan jirgi, layi na uku, kusa da katanga. Watan Maris, casa'in da tara. Na makara da kwana biyu." Ban yi niyyar ƙara komai ba, sai na ji ina cewa, "Shi ya ci jarrabawar nan. Da maki goma sha ɗaya."

Hector bai ce me aka ce ba. Ya ce, "An gani. Soke, sakatare."

Layin bai miƙe ba. Shi kaɗai ne a littafin nan da ya karkace.

Ashirin da biyu. Mu goma sha ɗaya muka ɗaga hannu a kan doka ta huɗu, tagwaye har da na hagu. Effie ta buɗe ƙofa ta yi guɗa, suka shigo kamar an fasa kasuwa, ana sumbatar kumatuna ba a nemi izinina ba. Wani jikan Baird mai gemu ya kira ni Jiddo, wato kaka. Tumbi biyu bai isa ba. Amm Girgis ba zai yarda ba in an gaya masa.

Da hayaniya ta lafa Effie ta zo ta zauna kusa da ni tana cire takalmi.

Na ce, "Kin ji abin da na yi. Shekara ashirin da biyar ina yi muku ƙarya a kan tebur."

Ta ce, "Wa ka yi wa? Mutum ya tafi gyaran haƙori da baƙin kwat, ya dawo da haƙoransa yadda suke da algaita a hammata? Har mai gadin tasha ya yi mana gaisuwa."

"Duk kun sani?"

"Har kurman."

"To me ya hana ku faɗa? Da tuni an gama."

Ta dube ni kamar yadda take dubana tun ina ɗan shekara shida. "Kai ne fa mai littafin. Doka ta ce wanda ya gani. Mu ba mu gani ba."

Lahadi, 1 ga Disamba, goma na safe

Shekara ashirin da biyar ina ɗaukar kaina mai wayo a tsakiyar wawaye. Ashe jira suke yi.

Sababbin sunaye ashirin da shida zan shigar. Rabinsu Tawfik da Boulos da Mansur. Littafin bai yi gardama ba.

Talata, 3 ga Disamba, sha biyu na rana

Na sauko da algaitar. Salkar ta bushe ta tsage. Babbar 'yar Salwa ta ce mai tumakin nan ta san wani mai gyara, kuma wai ita za ta koya. Allah ya ji ƙan maƙwabtanta.

Na je asibiti ɗaukar sunan da ya rage. Salwa ta sallami mai jiran layi, ta rufe ƙofa, ta ajiye wayar a gabana a kan tiren ƙarfe. Na gyara murya na kira shi, sau ɗaya, tsaf.

Ta kunna mu ji. Muryar tsohon nan ta ce, "Struan Geddes." Sai ɗan shiru. Sai ta ƙara, ƙasa-ƙasa, "Yana hanya."

Wallahi ban san na faɗa ba.

Salwa ta ce, "Ba komai, Kawu, sai in yanke ƙarshen."

Na ce ta bar shi haka.

Na dawo gida na taɓa sunan sau huɗu kafin abincin rana. Yana aiki.